Man Tsabtace Fentin Mota Marar Kaifi

Man tsabtace fenti haɗi ne mai ɗan kauri da ake shafa wa jikin mota bayan an wanke ta, domin ya ɗauke dauɗar da ruwa da sabulu suka kasa fitarwa: ragowar tsohon kaki (maiƙon da ake shafawa don kare fenti da ƙara sheƙi), maiƙon hayaƙi, tabon ruwa, shatin kashin tsuntsu, da dusashewar da rana ke jawowa. A tsarin masu ƙawata mota, matsayinsa yana tsakanin wanki da shafa kaki. Wanda ake kira marar kaifi shi ne wanda yake yin wannan aiki ba tare da ya ci fentin ba, ko kuma abin da yake ci bai taka kara ya karya ba. Zaɓensa ya dogara ne a kan irin fentin da ke jikin motar da kuma irin dauɗar da ta kama shi, fiye da sunan kamfanin da ke jikin kwalba.

Fentin da ake gogewa

Motocin farko sukan yi makonni a masana'anta ana jiran fenti ya bushe. A shekarun 1920 kamfanin DuPont na Amurka ya fito da fentin Duco mai saurin bushewa, kamfanin General Motors ya fara sa shi a motocinsa na Oakland na 1924. Shi da ire-irensa da suka biyo baya shafi ɗaya ne, launi da sheƙi a haɗe. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1980 masana'antu suka koma tsarin da ake kai yanzu, wanda aka raba launi daban, sheƙi daban.

A motar zamani, ana fara tsoma gangar jikin a cikin wani fenti da wutar lantarki ke manna shi a ƙarfe don hana tsatsa. Sai firaima, wato fentin share fage, sai launi, sannan a kai na ƙarshe wani shafi garai-garai marar launi, wanda masu fenti ke kira kiliya. Duk waɗannan a haɗe kaurinsu yakan kama daga maikiron 100 zuwa 150, wato kusan kaurin takardar ofis guda ɗaya ko ɗaya da rabi. Kiliya ita kaɗai ba ta cika wuce maikiron 35 zuwa 50 ba. Ita ce ke ba da sheƙi, a cikinta kuma aka zuba sinadaran da ke tare hasken rana kada ya ƙone launin da ke ƙasa.

Abin da ya kamata mai mota ya riƙe shi ne, kiliya ba ta tsirowa. Duk abin da aka kankare ya tafi ke nan. Shi ya sa ƙwararru ba sa son a cire fiye da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinta a tsawon rayuwar motar, kuma wasunsu ba sa ɗora injin guga a kan mota sai sun auna fentin da ƙaramar na'urar awon kauri. Idan ta yi siriri ƙwarai, sai a ga rufi da bonet sun fara yin fari-fari, daga baya su riƙa ɓarewa falle-falle. Motar da ta kai nan babu wani mai da zai dawo da ita, sai dai mai fenti.

Abin da ke sa mai ya yi kaifi

Abu na farko shi ne garin da ke kankarar fenti. Yawancin man goge mota na ɗauke da gari mai laushi ƙwarai, kamar farar ƙasa ta kawolin, ko garin sinadarin alminiyom, ko wata ƙasa da ta samu daga ɓawon ƙananan halittun ruwa. Girman ƙwayar garin da taurinta su ne suka raba mayukan kashi uku. Kwamfawun shi ne mafi kaushi, aikinsa cire karce mai zurfi da shatin samfefa bayan an yi fenti. Folish ya fi shi laushi, yana fitar da ƙananan zane-zanen da ake gani sun kewaye hasken rana a jikin baƙar mota. Man tsabtacewa marar kaifi kuwa ko dai babu garin sam, ko kuma ɗan kaɗan ne. Ƙarfinsa yana cikin sinadaran da ke narkar da dauɗa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauko kwamfawun don aikin da man tsabtacewa zai iya. Sheƙin yakan fito nan take, mai mota ya ji daɗi, amma da kaurin fentinsa ya biya.

Na biyu shi ne ma'aunin pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, ƙasa da ita tsami ne, sama da ita kuma ɓangaren su kanwa ne. Sabulun wankin mota na yau da kullum ana yin sa ne kusa da 7 don kada ya wanke kakin da aka shafa. Ruwan omo kuwa yakan kai 10 zuwa 11. Wanki ɗaya da omo ba zai ɓare fenti ba, a faɗi gaskiya, amma yawan yi yana kwashe kaki tas, ya busar da robobin gilas da na ƙofa, ya sa baƙar robar bamba ta yi furfura. Garin da bai narke ba kuma yana karce jiki. Sabulun wanke-wanke bai kai shi zafi ba, sai dai an yi shi ne don yanke maiƙo, kaki kuwa dangin maiƙo ne. A ɗaya ɓangaren, wasu magungunan wanke wili na ɗauke da asid ɗin haidirofulorik, wanda ke cin gilashi, yana kuma ratsa fata ya yi mummunar illa tun kafin mutum ya ji zafi sosai. Wannan ba abin kusantar da shi ga fenti ba ne, balle hannu marar safa.

Na uku sinadaran narkarwa ne. Akwai masu sauƙi da ake samu daga man fetur da aka tace, akwai wanda ake tatsa daga ɓawon lemo, dukansu suna narkar da kwalta da gam ba tare da sun taɓa busasshiyar kiliya ba in ba a bar su sun daɗe ba. Tina, wato ruwan surka fenti, da asiton, sinadarin da ake goge jan farce da shi, ba sa cikin wannan sahu, suna iya tausasa fenti cikin ɗan lokaci, musamman wanda aka sake fesawa a gareji.

A san dauɗar kafin a sayi mai

Babu kwalba ɗaya da ke maganin kowace dauɗa, kuma idan mai bai dace da tabo ba, sai mutum ya ƙara ƙarfin hannu, a nan ɓarnar take. Akwai gwaji mai sauƙi. Bayan an wanke mota ta bushe, a sa hannu cikin siririyar leda a shafa bonet a hankali. Ledar tana ƙara wa yatsu ji, sai ka ji tsaki-tsaki a wurin da ido ke ganin sumul. Wannan dauɗa ce da ta kafe a saman fenti: ƙurar birki, feshin fenti daga wani wuri, ƙaron itace.

Maganin irin wannan shi ne yumɓun goge mota, wani danƙo mai laushi da aka ƙirƙira a Japan, ya yaɗu zuwa Amurka a shekarun 1990. Ana fesa ruwa mai santsi, a riƙa zamar da yumɓun a kai ba tare da dannawa ba, yana tsince tsakin. In ya yi baƙi a naɗe shi a fito da wuri mai tsabta. In ya faɗi ƙasa kuwa, jefar da shi ake yi, domin yashin da ya ɗauka zai zane motar gaba ɗaya.

Ɗigo-ɗigon tsatsa da ake gani a farar mota, musamman a ƙofofi da but, ɓurɓushin ƙarfe ne daga birki. Akwai ruwan da aka yi musamman dominsa. Da ya haɗu da ƙarfen sai ya rikiɗe ya koma shunayya, yana gangarowa, warinsa kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Duk da warin, yawancinsa pH ɗinsa kusa da tsaka-tsaki yake. Fararen zobba da ruwan rijiya ko na burtsatse ke bari idan ya bushe kuwa ma'adinai ne, galibi alli, kuma ɗan tsami ke narkar da su. Ruwan khal da aka surka da ruwa daidai-wa-daida yakan isa ga sabon tabo, a ɗauraye nan da nan, a kuma sake shafa kaki, saboda khal ɗin yana tafiya da kakin da ke wurin. Kashin tsuntsu da na jemage a jiƙa shi da tsumma mai ruwa har ya yi laushi sannan a ɗauke, kada a kankare shi a bushe. Barinsa a rana shi ne matsala, domin yana da tsami, kuma fenti mai zafi yana yin taushi ya ɗauki shatinsa.

Karce kuma ba dauɗa ba ne. Idan farce ya maƙale a cikinsa, ya yi zurfin da guga ba za ta fitar da shi lafiya ba. Wasu mayukan suna da sinadaran da ke cike ƙananan karce su ɓoye su na ɗan lokaci, bayan wanki kaɗan su sake bayyana. Wannan ba laifi ba ne idan mai saye ya san abin da ya saya. Ga tsohuwar mota mai siririn fenti ma, ɓoye karcen ya fi kankare shi alheri.

Ƙura da rana

A ƙasar Hausa, lokacin hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, iska tana kwaso ƙura daga Sahara, babban kaso daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda a dā ƙasan wani babban tafki ne. A cikin ƙurar da ke sauka kan mota akwai ɓurɓushin yashi, wanda taurinsa ya kai 7 a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, ya fi gilashi tauri, balle fenti. Saboda haka kaɗe mota da busasshen tsumma kowace safiya yana yi mata ɓarnar da ta fi ta kowane mai mai kaifi. Duk laushin man da aka saya, idan aka shafa shi a kan ƙura, aikin samfefa zai yi. Sai an fara kwarara ruwa, a wanke daga sama zuwa ƙasa da bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso, sannan a zo maganar mai.

Zafi ma haka. Baƙar mota da ta wuni a rana jikinta yakan yi zafin da hannu ba zai jure ba, mai yana taɓa shi ya bushe ya bar shati. Aikin na inuwa ne, da sassafe ko da yamma, lokacin da ƙarfen ya huce.

Karanta kwalba da gwaji

Kamfanonin da suka daɗe a harkar, irin su Meguiar's da aka kafa a Amurka a 1901, da Autoglym na Ingila, da Sonax na Jamus, kowannensu yana da mai kaifi da marar kaifi, don haka suna kaɗai ba ya isa. A duba ko an rubuta cewa ya dace da kiliya, ko yana da garin kankara, ko da hannu ake shafawa ko sai da inji. Akwai kuma wanda aka haɗa tsabtacewa da kaki wuri ɗaya, sau da yawa kakin karnuba da ake samu daga ganyen wata bishiyar Barazil. Ga wanda ke kula da motarsa a gida, wannan ya fi sauƙi, kodayake kariyarsa ba ta kai ta kakin da aka shafa shi kaɗai daɗewa ba. Man da aka ɗura a gorar ruwa babu takarda, ba a san abin da ke cikinsa ba, bai cancanci a gwada shi a kan bonet ba.

Ko wane aka zaɓa, a fara da ɗan wuri da ido ba ya kaiwa, kamar ƙasan ƙofar baya. A ɗiga kaɗan a kan soso mai laushi ko tsumman maikirofaiba, a shafa a fili kamar tafin hannu biyu, a goge kafin ya bushe, sannan a haska da tocila a kwatanta da gefensa. Idan ya yi, an huta. Idan bai yi ba, a maimaita sau ɗaya kafin a hau zuwa wanda ya fi shi ƙarfi. Bayan an gama, in ba mai haɗe da kaki aka shafa ba, jikin ba shi da kariya, dole a bi shi da kaki ko makamancinsa a ranar.

Fentin da ke son kulawa ta dabam

Idan aka shafa mai a kan mota ja ko shuɗiya tsumma ya ɗauko launin, fentin mai shafi ɗaya ne, ko kuma kiliyar wurin ta ƙare. A tsofaffin motoci masu shafi ɗaya wannan ba abin tsoro ba ne, mataccen launi ne ke fita, kuma irinsu ne suka fi nuna amfanin man tsabtacewa. Sai dai a yi hattara da kusurwoyi da gefen ƙofa, inda fenti ya fi siriri. Motocin hannu da ake shigowa da su ta Kwatano ko Legas da yawa an sake fesa wani sashe nasu, don haka ƙofa ɗaya na iya karɓar mai lafiya, ta kusa da ita ta dusashe. Kowane sashe a gwada shi daban.

Sabon fenti na gareji yana ci gaba da fitar da sinadaransa bayan ya bushe a ido, shi ya sa masu yin fenti kan ce a dakata da kaki tsawon kwana 30 zuwa 90, a tsaya ga ruwa da sabulu marar zafi. Wanda kuma zai kai motarsa fenti ya guji mai mai silikon, domin yana sa sabon feshi ya yi ramuka ƙanana. Fenti marar sheƙi, wanda aka yi shi dusashe da gangan, ba a goge shi da komai mai gari ko kaki, saboda wurin zai yi ƙyalli kuma ba ya komawa. Motar da aka yi wa rufin siramik, wani siririn shafi mai tauri da ake sawa a saman kiliya don kariya, ita ma sabulu tsaka-tsaki take so, duk wani mai mai garin kankara zai rage rufin ko ya cire shi gaba ɗaya.