Sub Pop: Tambayoyi da Amsoshi kan Kamfanin Faifan Seattle da Makaɗansa

Duk wanda ya taɓa ganin matashi sanye da riga mai rubutun Nirvana a ƙirji, ya ga ɓurɓushin wani salon kiɗa mai suna grunge da ya faro a birnin Seattle, can arewa maso yammacin Amurka, a ƙarshen shekarun 1980. Kamfanin da ya fara buga faifan wannan ƙungiya shi ne Sub Pop, kuma har yau yana nan yana aiki. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kansa, tare da ra'ayina a kan waɗanda suka fi cancanta a saurara.

Mene ne Sub Pop, kuma su wa suka kafa shi?

Kamfani ne na buga faifan waƙa da rarraba shi, wanda ya taso ba tare da jarin manyan kamfanonin New York da Los Angeles ba. Asalinsa 'yar mujalla ce mai suna Subterranean Pop, wadda wani ɗalibi, Bruce Pavitt, ya fara fitarwa a garin Olympia wajen 1980. Yana rubutu a kan ƙananan makaɗan da rediyo ba ta sa waƙarsu, wani lokaci kuma ya haɗa waƙoƙinsu a kaset ya sayar. Da ya koma Seattle sai ya fitar da faifan farko a 1986. Mai kaɗa jitar ƙungiyar Soundgarden, Kim Thayil, shi ne ya haɗa shi da Jonathan Poneman, wanda ya zuba dala 20,000 aka fitar da faifan Soundgarden na farko a 1987. Ranar 1 ga Afrilun 1988 su biyun suka ajiye ayyukansu suka kama ɗan ofishi, kuma daga wannan rana kamfanin yake ƙirga shekarunsa.

Shi grunge ɗin wane irin kiɗa ne?

Reshe ne na kiɗan rock da ya haɗa zafin punk da nauyin heavy metal. Ana murɗa sautin jita da gangan har ya dusashe ya riƙa kurɓewa, kamar lasifikar da ta tsage amma aka ƙure mata murya. Ganga na tafiya da nauyi, sau da yawa a hankali, mawaƙi kuma yakan fara da ƙaramar murya sannan ya fashe da ihu. Kalmomin ba na fahariya ba ne. Ƙunci ne, da kaɗaici, da gajiya da rayuwar ƙananan garuruwan da sana'ar katako ta mutu a cikinsu. Makaɗan sukan hau dandali da kayan da suke yawo da su, rigunan gwanjo masu kauri da tsofaffin takalma, domin yankin akwai ruwan sama da sanyi, su kuma ba masu kuɗi ba ne.

Ta yaya kamfani maras jari ya sa duniya ta waiwayi Seattle?

Da dabara uku. Ta farko, sun sa kayansu sun zama iri ɗaya a kunne da ido. Yawancin faya-fayan farko mutum ɗaya ne ya ɗauke su, Jack Endino, a wani ƙaramin situdiyo mai arha da ake kira Reciprocal Recording. Hotunan bango kuma Charles Peterson ne ke ɗauka, baƙi da fari, gashi na kaɗawa, jama'a na turereniya a gaban dandali. Mai saye ko bai san ƙungiyar ba, yana ganin tambarin ya san abin da zai ji.

Ta biyu, sun iya sa abu ya yi wuyar samu. Sukan buga ƙaramin faifai kwafi kaɗan, sai ya ƙare, sai a yi ta nemansa. A ƙarshen 1988 suka buɗe tsarin biyan kuɗi tun kafin kaya su fito, a riƙa aiko wa mutum sabon faifai ta gidan waya kowane wata. Faifan da ya buɗe wannan tsari na Nirvana ne, kwafi 1,000 kacal. Kuɗin da masu rajista suka biya a gaba su ne suka riƙa toshe ramukan kamfanin.

Ta uku, sun fahimci cewa jaridun kiɗa na Ingila sun fi na Amurka saurin ɗaga sabon abu. A farkon 1989 suka biya wa Everett True, marubucin mujallar Melody Maker, kuɗin jirgi daga Landan ya zo ya gani da idonsa. Abin da ya rubuta ya sa matasan Birtaniya suka fara neman faya-fayan Seattle tun kafin yawancin Amurkawa su ji labari.

Ashe ba Nirvana ce komai na wannan labari ba?

Ita ce ta fi suna, babu musu, amma zamanta a Sub Pop gajere ne. Kurt Cobain da Krist Novoselic, waɗanda suka kafa ta, 'yan Aberdeen ne, wani garin masu saran katako, kuma da farko a sahun baya kamfanin ya ajiye su. Kundinsu na farko, Bleach, ya fito a Yunin 1989, kuma kuɗin ɗaukarsa gaba ɗaya dala 606 ne da 'yan kai. Ina son kundin nan saboda ana jin yunwa a cikinsa, ana jin mutanen da ba su da tabbacin wani zai saurare su. Sai dai ba zan ce ya kai wanda ya biyo bayansa ba.

Wanda ya biyo bayan, Nevermind, a babban kamfanin Geffen ya fito, a Satumbar 1991, kuma a Janairun 1992 ya ture kundin Michael Jackson daga saman jadawalin ciniki na Amurka. Sub Pop a lokacin yana bakin durƙushewa, bashi ya yi masa katutu, an sallami ma'aikata. Abin da ya cece shi shi ne kwantiragin da Nirvana ta sa wa hannu tun 1989. Dole Geffen ya biya diyya, ya kuma ware wa Sub Pop wani kaso daga cinikin sabon kundin. Ga shi kuma sababbin masoya suka koma baya suna sayen Bleach, har ya haura kwafi miliyan ɗaya.

To, wace ƙungiya ce ta fi kwanta maka a rai a wancan zamani?

Mudhoney, kuma ba na jinkirin faɗa. Idan ana neman sautin Sub Pop tsantsa, a wurinsu yake. Tushensu wata ƙungiya ce, Green River, wadda ta watse a 1987 saboda saɓanin buri: wasu na son a nemi babban kamfani, wasu ba su damu ba. Masu son girma, Stone Gossard da Jeff Ament, su ne daga baya suka kafa Pearl Jam. Mark Arm da Steve Turner kuwa suka ɗauko Dan Peters a ganga da Matt Lukin a jitar bes, suka kafa Mudhoney a farkon 1988. Ƙaramin faifansu na farko ya fito a Agustan shekarar, sannan Superfuzz Bigmuff ya biyo baya, wanda aka raɗa wa sunan na'urori biyu da ake takawa da ƙafa don dusashe sautin jita. Waƙa shida ce a ciki, babu wadda za a tsallake.

Abin da ya sa nake fifita su ya wuce ƙara. Kiɗansu yana da rai da walwala a inda na takwarorinsu ya cika da duhu, kuma gangar Peters tana birgima ne maimakon daka, shi ya sa jiki ke motsi. Sannan akwai halacci. A 1991, lokacin da kamfanin ke neman kuɗin biyan haya, da Mudhoney ta so da ta kai kundinta na biyu wani wuri. Ta bar shi a Sub Pop, kuma cinikinsa ne ya riƙe kamfanin har kuɗin Nirvana suka fara shigowa. Sun tafi babban kamfanin Reprise a 1992, ba su yi arziki a can ba, suka dawo gida a 2002. A 2013 sun yi wasa a saman hasumiyar Space Needle don bikin cikar kamfanin shekara 25, a 2023 kuma suka sake fitar da sabon kundi. Mark Arm, mutumin da Cobain ke kallo a matsayin na gaba da shi, ya daɗe yana riƙe da sashen ajiyar kaya na Sub Pop, yana ɗaure kwalayen faifai ana aika wa masu saye. Ni wannan yana ƙara masa daraja a idona.

Pearl Jam da Alice in Chains fa?

'Yan Seattle ne, 'yan zamanin ne, amma ba a Sub Pop suka yi kundayensu ba. Pearl Jam a Epic ta fito, Alice in Chains a Columbia. Soundgarden ce ta fara daga Sub Pop, ta wuce SST, sannan ta koma A&M.

Akwai waɗanda suka cancanci suna amma ba su samu ba?

Tad na farko. Jagoransu Tad Doyle ƙato ne daga jihar Idaho, ya taɓa aikin fawa, kuma kiɗansu ya fi na kowa nauyi a kamfanin. Tare da Nirvana suka zaga Turai a mota ɗaya a 1989, a lokacin babu mai iya cewa ga wanda zai fi wani. Kundinsu na 1991 ya faɗa rikicin shari'a a kan hoton bango, dole aka janye shi daga kasuwa aka sauya, kuma hakan ya karya musu gwiwa a daidai lokacin da kasuwa ke buɗewa.

Sai Mark Lanegan, mawaƙin Screaming Trees, wanda ya fitar da kundayensa na ƙashin kansa a Sub Pop tun daga 1990. Muryarsa ƙasa take, mai kaushi, kiɗan kuma a natse. Wanda ihun grunge ya dame shi, daga nan ya kamata ya shiga. Na 1994, Whiskey for the Holy Ghost, yana cikin mafi kyawun abin da kamfanin ya taɓa bugawa.

A nan dole a faɗi abin da ke da ɗaci. Muguwar ƙwayar heroin ta yi wa wannan tsara mummunar ɓarna. Andrew Wood na Mother Love Bone ya mutu a 1990 saboda ita. Cobain ya yi ta fama da ita har ya kashe kansa a Afrilun 1994 yana da shekara 27. Layne Staley na Alice in Chains ya bi su a 2002. Duk mai son kiɗan nan bai kamata ya yi wa wannan ɓangare ado ba, domin ƙwaya ba ta ba su baiwa ba, raba su da ita ta yi.

Da grunge ya lafa, me ya riƙe kamfanin?

Da ƙyar ya sha. A 1995 aka sayar wa babban kamfanin Warner kashi 49 cikin 100, kamfanin ya buɗe ofisoshi, ya kashe kuɗi a kan makaɗan da ba su yi kasuwa ba. Pavitt bai ji daɗin alƙiblar ba, ya fice a 1996, Poneman ya ci gaba. Masu cewa daga nan Sub Pop ya daina zaman kansa suna da hujja, ko da yake rinjayen hannun jari bai bar hannun masu shi ba.

Farfaɗowar ta zo ne ta hanyar da ba ta yi kama da grunge ko kaɗan ba. The Shins daga Albuquerque suka fito a 2001 da waƙoƙi masu laushi. A 2003 sai The Postal Service, mutum biyu da suka haɗa kundi ta hanyar aika wa juna faifai a ambulan, ɗaya ya tsara kiɗa a kwamfuta, ɗaya ya ɗora murya. Shi ne kundi na biyu a tarihin kamfanin da ya haura miliyan. Fleet Foxes suka zo a 2008 da muryoyi masu amshi, Beach House a 2010. Megan Jasper, wadda ta fara da aikin amsa waya a ofishin farko, ita ce ta zama shugabar kamfanin.

A cikin na baya-bayan nan wa ka zaɓa?

Low, daga garin Duluth na jihar Minnesota. Mata da miji ne ginshiƙinta, Mimi Parker da Alan Sparhawk. Sun fara a 1993, lokacin da kowa ke gasar ƙara, su kuma suka zaɓi yin kiɗa a hankali, can ƙasa-ƙasa, har sai ɗakin ya yi tsit. Parker a tsaye take kaɗa 'yan ganguna kaɗan, muryarta kuma tana haɗuwa da ta mijinta ta yadda da wuya a raba su. Sun shigo Sub Pop a 2005. Abin mamaki, mafi ƙarfin aikinsu ya zo ne bayan shekara 25 da farawa: kundayen 2018 da 2021, inda suka farfasa sautin da na'ura suka bar muryoyin biyu tsaf a tsakiya. Parker ta mutu da ciwon daji a Nuwambar 2022, kuma da mutuwarta ƙungiyar ta tsaya.

Ko kamfanin ya taɓa hulɗa da kiɗan Afirka?

Ya taɓa. A 2010, ta wani reshensa mai suna Next Ambiance, ya fitar wa Amurkawa kundin Bassekou Kouyate na Mali da ƙungiyarsa Ngoni Ba, mai suna I Speak Fula. Ngoni ɗan'uwan molo ne, icce da fata da tsirkiya, kuma Bahaushe zai gane tafiyar kiɗan tun daga bugun farko. A 2011 kuma kamfanin ya fitar da kundin ƙungiyar hip-hop mai suna Shabazz Palaces. Ishmael Butler ne ke jan waƙa, abokin aikinsa na lokacin kuwa, Tendai Maraire, ɗan Dumisani Maraire ne, makaɗin mbira na Zimbabuwe da ya koyar a Seattle, don haka ana jin mbira, wani ƙaramin abin kiɗa mai 'yan ƙarafa da ake kaɗawa da yatsu, da gangunan hannu a ƙarƙashin kiɗan. Kundinsu Black Up yana da wuyar shiga da farko, domin waƙa ɗaya takan sauya tafiya sau biyu ko uku kafin ta ƙare, amma ya cancanci haƙurin. A 2012 suka ƙara da Spoek Mathambo na Afirka ta Kudu.

Wanda bai taɓa jin ko ɗaya ba, daga ina zai fara?

Ya danganta da kunnensa. Mai son ƙara ya fara da Superfuzz Bigmuff, sannan Bleach. Mai son murya da natsuwa ya nemi Lanegan na 1994. Wanda ya saba da kiɗan gida ya fara da Bassekou Kouyate, ya tsallaka zuwa Shabazz Palaces. A sani kuma cewa wasu waƙoƙin zamanin grunge akwai ashar da kalmomin batsa a ciki, musamman na Mudhoney da Tad, don haka a duba kafin a kunna su a gaban yara.