Fili na gwamna ne? Abin da doka ta ce kan gina shaguna a filin shan iska

Tun ranar da tifa ta juye yashi a gefen filin da ke bayan unguwarmu, daidai gindin darbejiyar da dattawa ke shimfiɗa tabarma bayan la'asar, wayata ba ta huta ba. Saƙon murya ɗaya ne ke ta yawo a WhatsApp: wai kada kowa ya wahalar da kansa, ƙasa duk ta gwamna ce, in ya ga dama ya ba ɗan kasuwa ya jera shaguna, magana ta ƙare. Matasan da ke buga ƙwallo a filin kuma suka ce a ƙyale shi ya gama, gwamnati mai zuwa za ta rushe, ko sisi ba zai gani ba. Duka maganganun biyu akwai gyara a cikinsu, kuma su ne ke sa mutane naɗe hannu a lokacin da ya kamata su tashi tsaye.

Dokar da ake jingina da ita ita ce Dokar Amfani da Ƙasa, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa ranar 29 ga Maris, 1978. Sashe na 1 ya danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, wannan gaskiya ne. Sai dai masu saƙon murya a nan suke tsayawa, ba sa ƙarasa jimlar. Sashen ya ce gwamna zai riƙe ta ne a matsayin amana, ya tafiyar da ita don amfanin dukkan 'yan Najeriya. Duk wanda ya taɓa riƙon dukiyar marayu ya san bambancin mai abu da mai riƙon amana. Filayen birni na ƙarƙashin gwamna kai tsaye, na karkara ƙananan hukumomi ke ba da su, a Abuja kuwa ministan birnin ne ke riƙe da wannan iko a madadin shugaban ƙasa.

Inda aka fi ruɗewa shi ne sashe na 28, wanda ya ba gwamna damar soke takardar fili saboda maslahar jama'a. Mene ne maslahar jama'a? Sashe na 51 ya lissafo: aikin gwamnati, wurin da kowa zai amfana, makarantu, tsabtar gari, shimfiɗa sabuwar unguwa, har da bunƙasa tattalin arziki da masana'antu. Wannan na ƙarshen ne ƙofar da ta fi kowacce faɗi, domin babu ɗan kasuwar da ba zai ce shagunansa za su samar wa matasa aikin yi ba. Kotun Ƙoli ta taɓa taka birki a 1974, tun kafin wannan doka, a shari'ar Ereku, inda ta ce karɓe filin mutane a miƙa wa kamfani mai zaman kansa don harkar gabansa ba maslahar jama'a ba ce. A 1997 kuma, a shari'ar Lawson da Ajibulu, ta yarda gwamnati na iya ba kamfani filin da ta karɓa matuƙar aikin jama'ar da aka karɓe shi dominsa ne kamfanin zai yi. Wato ba a haramta wa ɗan kasuwa shiga ba, amma sai an nuna abin da jama'a za su samu.

Abin da ya fi damuna shi ne, sashe na 28 ɗin gaba ɗaya yana kare wanda ke da takarda ne. Filin ƙwallon unguwa, lambun shaƙatawa, itatuwan da aka dasa a bakin gari don tare iska da rairayi, yawanci babu mai takardarsu. An ware su ne a taswirar unguwa, suna hannun gwamnati. In aka yanka su, ba a soke takardar kowa ba, don haka ba wanda dokar 1978 ta ce a ba sanarwa, ba wanda ta ce a biya diyya. Tsohon da ya shekara talatin yana shan inuwa a wurin ba shi da layi ko ɗaya a cikinta. Kanawa sun ji wannan a jikinsu lokacin da gwamnatin Ganduje ta ce za ta mayar da gidan zoo na Audu Bako zuwa Tiga. Tambayar da ta cika gari a lokacin ita ce me za a yi da wannan makeken fili mai itatuwa a tsakiyar birni. Gidan zoo na nan inda yake har yau, amma ba wani sashe na wannan doka ne ya riƙe shi ba.

To ina kariyar take? Tana cikin dokar tsara gari, kuma a nan ne masu saƙon murya suka fi yin kuskure. Takardar shaidar mallaka, wadda ake kira C of O, ba izinin gini ba ce. Takarda daban, izini daban. A Kano hukumar KNUPDA ce ke ba da izinin gini, sauran jihohi kowacce da tata, domin tun 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne. Ita kanta takardar mallakar tana ɗauke da abin da aka ba da filin dominsa, gidan zama ne ko kasuwanci, kuma ba a sauya wannan sai da amincewar hukuma a rubuce. Idan wurin gandun daji ne da aka keɓe bisa doka, sai an fitar da shi daga keɓewar a hukumance kafin a yanka. Saboda haka in mutum ya ɗaga muku takarda daga tagar mota ya ce daga sama aka ba shi, ku tambaye shi taswirar unguwar, da takardar sauya amfanin filin, da izinin ginin.

Sai batun hukunci, wanda da na karanta shi raina ya ɓaci. Sashe na 43 na dokar 1978 ya hana kowa yin gini, ko katanga, ko shinge, ko noma a filin birni da ba shi da haƙƙinsa. Wanda ya saɓa, ɗaurin shekara ɗaya ko tarar naira 5,000. In aka ce ya cire abin da ya kafa ya ƙi, naira 100 kowace rana. A 1978, lokacin da naira ta fi dala daraja, wannan kuɗi ne mai sa mutum ya yi tunani sau biyu. Yau naira 5,000 ba ta sayen buhun siminti ɗaya. Gyara adadin ma ba abu ne mai sauƙi ba, domin sashe na 315 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗaure dokar a jikinsa, ba a taɓa ta sai an bi hanyar gyaran kundin.

Kuma ku lura da wanda sashen ke kamawa. Mai kuɗin da ya samo takarda, ko ta wace hanya ya bi, ba ya cikinsa har sai kotu ko gwamnati ta soke takardar. Wanda ke ciki shi ne mai shayin da ya kafa rumfa, da ku kanku mutanen unguwa idan kuka fusata kuka zagaye filin da bulo da sunan kare shi. Na ji wasu na shirin haɗa kuɗi su yi hakan. Don Allah kada a yi. Za ku shiga da gaskiyarku ku fito ku ne masu laifi.

Masu jiran rusau kuma su tuna abin da ya faru a filin Idi na Kano. An ba da wuraren shaguna a zamanin wata gwamnati, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe su a Yunin 2023. A watan Satumba na shekarar Babbar Kotun Tarayya a Kano ta ce a biya masu shagunan naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Kuɗin nan daga baitulmali ya fito, wato daga aljihun mutanen da tun farko aka taɓa musu fili. Itacen da aka sare kuwa katafila ba ta mayar da shi.

Akwai dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992, wadda a ƙarƙashinta ake baje rahoton babban aiki na kwanakin aiki 21 don jama'a su karanta su yi ƙorafi. Tana da amfani idan aikin babba ne, kamar rukunin gidaje da ya haura hekta 50. Jerin shaguna ashirin a filin ƙwallo da wuya ya kai nan. Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na 2018, a ƙarar da wata ƙungiyar sa ido kan gurɓatar mai ta kai NNPC, inda kotun ta yarda ƙungiya na iya shigar da ƙarar muhalli a madadin jama'a ko da ba ita ke da wurin ba. Kafin nan da yawa irin waɗannan ƙararraki a bakin ƙofa ake korarsu, a ce mene ne naka a ciki.

Mu a unguwarmu mun zauna a ƙofar gidan mai unguwa bayan isha'i, da liman da shugaban matasan ƙwallo. An rubuta ƙorafi zuwa hukumar tsara gari da ma'aikatar ƙasa, ana neman a nuna mana abin da taswira ta ce game da filin, kuma a dakatar da aiki har a ba mu amsa. Kowa ya sa hannu, wanda ba ya rubutu ya dangwala yatsa. Yaron da ya kai takardar mun ce kada ya baro ofishin sai an buga masa hatimi da kwanan wata a kan kwafinmu, domin shi lauya zai fara nema in magana ta kai kotu. Yashin na nan a gindin darbejiya, ba a haƙa tushe ba tukuna.