Waiwaye: Iskar da ke karya ƙarfe ta ciki

Wani mai walda a nan Sakkwato ya taɓa yanka tsohon bututun rijiyar burtsatse a gabana. Cikinsa baƙi ƙirin, ba jar tsatsar da muka saba gani a kwanon rufi ba, ga wari kamar na baragurbi. Warin na iskar haidirojin salfaid ne, baƙin kuwa abin da take bari ne idan ta ci ƙarfe a cikin ruwa.

Wannan ci na fili da sauƙi, ido na ganinsa. Wanda ya wahalar da injiniyoyi shi ne na ɓoye.

Tun 1875 wani Bature a Ingila, W. H. Johnson, ya lura cewa wayar ƙarfe da aka tsoma a asid takan karye da wuri in an lanƙwasa ta, ya kuma ɗora laifin a kan haidirojin. Masu haƙar mai ba su ji a jikinsu ba sai da suka fara cin karo da gas mai tsami, wato mai ɗauke da haidirojin salfaid. A 1951 aka gano gas a Lacq, kudancin Faransa, kusan kashi 15 cikin ɗarinsa wannan iskar ce. Bututan zamanin suka riƙa tsagewa, sai 1957 aka samu fara aiki, bayan an ƙera ƙarfen da zai jure.

Idan iskar na cin ƙarfe, ƙwayoyin haidirojin kan fito ɗai-ɗai. Bisa al'ada sukan haɗu bibbiyu su tashi. Salfaid ke hana su haɗuwa, sai su kutsa cikin ƙarfen, su taru duk inda aka bar datti wajen narka shi. A can suke haɗuwa, ba kuma ƙofar fita. Sai ƙarfe ya yi bororo kamar hannun da ya sha fartanya, ko ya tsattsage a ciki hawa-hawa. In kuwa mai tauri ne kuma yana ɗauke da nauyi, farat ɗaya yake karyewa, kaurinsa na nan yadda yake. Gefen walda, inda zafi ya ƙara wa ƙarfe tauri, nan ya fi shiga haɗari.

Da na faɗa wa mai waldan, dariya ya yi: "Haba Malam, a ce mai tauri ya riga mai laushi karyewa?" Ai kuwa haka NACE, ƙungiyar injiniyoyin yaƙi da tsatsa ta Amurka, ta rubuta a ƙa'idarta ta 1975, MR0175: kada taurin ƙarfen gama-gari ya wuce 22 a ma'aunin Rockwell. A 2003 ta zama ƙa'idar duniya, ISO 15156.

Duk da haka, a 2013 filin mai na Kashagan a Kazakistan ya fara aiki, cikin 'yan makonni wannan iskar ta sa bututan gas suka soma yoyo. Dole aka sake shimfiɗa wasu, mai bai dawo ba sai 2016.