Na'urar Nuna Hanya Mai Aiki a Babur da Mota

Na'urar nuna hanya, wadda aka fi sani da GPS, ƙaramar na'ura ce mai allo da ke karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam, ta gano inda take a doron ƙasa, sannan ta ɗora wurin a kan taswirar da ke cikinta domin ta jagoranci matafiyi da zane da murya. Akwai wadda ake ƙerawa don mota, akwai ta babur, kuma wanda ya mallaki abubuwan hawan biyu yakan so guda ɗaya da zai riƙa cirewa daga wannan yana maƙalawa a wancan. Ta babur tana aiki a mota lafiya lau, amma ta mota ba ta jure zama a kan babur, saboda haka yanayin babur shi ne ma'aunin da ake bi wajen zaɓi.

Asali da yadda take aiki

Ma'aikatar tsaron Amurka ce ta kafa tsarin GPS. An harba tauraronsa na farko a 1978, aka ayyana kammaluwarsa a 1995 da taurari 24 masu shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa. Na'ura tana buƙatar saƙon aƙalla taurari 4 kafin ta ƙididdige wurinta, kuma karɓa kawai take yi, ba ta aika komai, shi ya sa gano wuri ba ya buƙatar sabis ɗin waya ko intanet. Har zuwa watan Mayu na 2000 Amurka tana rage ingancin saƙon da farar hula ke samu da gangan, kuma janye wannan takunkumi ne ya buɗe kasuwar na'urorin tuƙi. A yau akwai wasu tsare-tsare irin na GPS, wato GLONASS na Rasha da Galileo na Tarayyar Turai da BeiDou na Sin, kuma na'urar da ke sauraron fiye da tsari ɗaya ta fi saurin gano wuri a tsakanin dogayen gine-gine ko a cikin kwazazzabo.

Kamfanoni biyu ne suka fi shahara a fannin: Garmin, wanda aka kafa a jihar Kansas ta Amurka a 1989, da TomTom, wanda aka kafa a Amsterdam a 1991. A tsakiyar shekarun 2000 kowannensu ya fitar da jerin na'urorin babur, TomTom da sunan Rider, Garmin kuma da sunan zūmo.

Abin da babur ke buƙata

Na'urar mota tana zaune ne a bayan gilashi, ruwa ba ya taɓa ta, tayoyi huɗu da ƙafafun mota kuma suna shanye yawancin girgizar hanya. Ta babur a fili take, rana ta doke ta, ruwa ya jiƙa ta, jijjigar inji ta ratsa ta tun daga tashi har sauka.

Juriyar ruwa da ƙura ana auna ta ne da lambar IP, wadda ke da gurbi biyu: na farko na ƙura, na biyu na ruwa. Yawancin na'urorin babur suna ɗauke da IPX7, ma'ana za su iya nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 na tsawon minti 30 ba su lalace ba. Harafin X ɗin yana nufin ba a ba da sakamakon gwajin ƙura ba, abin da mai saye a Turai ba lallai ya damu da shi ba, amma wanda zai yi tuƙi a lokacin hunturu a yankin Sahel, ko a kan hanyar burji, ya kamata ya lura da shi. Lambar IP67 ita ce ke tabbatar da cewa ƙura ba ta shiga kwata-kwata. Na'urorin mota galibi ba su da ko ɗaya daga cikin lambobin, kuma saka su a jakar roba mai haske, kamar yadda wasu ke yi, yana tsare ruwa amma yana tara zafi da raɓa, yana kuma dusashe allon.

Allon ma ya bambanta. Dole ya yi hasken da za a iya karanta shi da tsakar rana, ya kuma amsa taɓawar yatsa mai sanye da safar hannu, tare da manyan alamomi da mahayi zai gane da kallo ɗaya, domin wanda ke kan ƙafa biyu ba shi da damar ɗauke ido daga hanya kamar mai mota. Garmin zūmo XT, wadda ta fito a 2020, tana da allo mai inci 5.5, na TomTom Rider 550 kuma inci 4.3 ne. A nan ne buƙatun biyu ke cin karo, saboda allon da ya dace da kan babur yakan yi wa mai mota ƙanƙanta idan an manna shi can nesa a gilashin gaba. Tsakanin inci 5 zuwa 6 shi ne girman da ya fi gamsar da ɓangarorin biyu.

Sauti kuwa, ƙarar iska da ta inji suna haɗiye muryar lasifika a kan babur, don haka na'urar kan aika umarni ta Bluetooth zuwa abin saurare da ke cikin hular kwano. Wanda zai kai ta mota sai ya tabbatar tana da lasifikar kanta, ko kuma mariƙin da ake maƙala ta a kai a cikin mota yana da ita.

Mariƙi da wuta

Mariƙi shi ne abin da ke sa na'ura ɗaya ta wadaci abin hawa biyu, kuma masu saye sun fi sakaci da shi. A babur ana ɗaure shi ne da ƙusa a jikin kan babur, a ja masa waya daga batir mai ƙarfin bolt 12 ta cikin fis. An fi so a haɗa wayar da layin da ke mutuwa idan an kashe makunni, in ba haka ba tana iya zuƙe ƙaramin batirin babur idan ya daɗe a ajiye. A mota kuwa roba ce mai mannewa a gilashi, da wayar caji da ake sakawa a ramin laita. Wasu samfura suna zuwa da mariƙan biyu a kwali ɗaya, wasu kuma sai an sayi na mota daban, don haka kuɗinsa yana cikin lissafin farashi. Na'ura mai kyau tana ajiye saitin babur daban da na mota, ta yadda a babur za ta iya zaɓar hanyoyi masu lanƙwasa ta kauce wa manyan tituna, a mota kuma ta koma hanya mafi sauri.

Taswira

Duk ƙarfin na'ura, ba za ta nuna hanyar da babu ita a taswirarta ba. Galibi ana sayar da na'urorin ne da taswirar yankin da aka nufa, wato wadda aka sayo daga Ingila ko Jamus da taswirar Turai take zuwa, kuma mai shirin amfani da ita a Kano ko Damagaram sai ya nemi ta Afirka daban. Na'urorin Garmin suna karɓar taswirorin da aka haɗa daga OpenStreetMap, shirin 'yan sa-kai da aka fara a Birtaniya a 2004, da kuma na Tracks4Africa, kamfanin Afirka ta Kudu da ke tattara hanyoyin da matafiya suka bi da kansu. Yana da amfani kuma na'urar ta iya karanta fayil ɗin GPX, wanda da shi ake tsara tafiya a kwamfuta ko a karɓi hanyar da wani ya riga ya bi.

Gogayya da wayar hannu

Wayar hannu ta ƙwace yawancin kasuwar, musamman a mota, inda Apple CarPlay da Android Auto ke nuna taswira a allon motar kanta. Google Maps ya fara tsarin masu babur a Indiya a 2017, ya kawo shi Najeriya da Ghana a 2019, kuma ga mai zirga-zirga a cikin gari wannan ya wadatar, ga shi da labarin cunkoso nan take. Raunin waya a doguwar tafiyar babur ne yake bayyana. Kamfanin Apple ya yi gargaɗi a 2021 cewa jijjigar manyan babura tana iya lalata kyamarar iPhone, kuma ya ƙayyade cewa a yi amfani da wayar a zafin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a Sakkwato da Maiduguri zafin bazara yana haura 40 ko a inuwa. Waya idan ta yi zafi takan rage hasken allo ta daina caji, daidai lokacin da mahayi ya fi buƙatarta.

Dokoki

Dokar amfani da na'urar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Faransa ta haramta gargaɗin ainihin wurin kyamarorin kama masu gudu tun 2012, sannan a 2015 ta hana tuƙi da abin saurare a cikin kunne, amma ta bar wanda aka ɗora a jikin hular kwano. Wasu jihohin Amurka, kamar Kalifoniya, sun taƙaita wuraren da za a iya manna na'ura a gilashin gaba, abin da ke sa masu mota a can su koma ga mariƙin da ake ɗorawa a saman dashbod.