Kallon zanen fenti

Kallon zanen fenti shi ne iya duban hoton da aka zana da hannu a kan ƙyalle ko katako ko bango, har mutum ya gane yadda aka haɗa shi da abin da ya sa yake jan ido. Ba sai mai kallo ya iya zane ba. Abin da ake nema gare shi tsayawa ce, kuma ita ta fi wuya: wani bincike da aka buga a 2001 ya nuna cewa maziyartan gidan adana zane na Metropolitan a Amurka, idan aka yi ƙiyasi, daƙiƙa 27 kacal suke yi a gaban zane guda.

Abin da ake dubawa

Sabon shiga yakan fara da tambayar "me aka zana?" Masana sukan jinkirta ta. Suna fara lura da inda ido ya soma sauka, da hanyar da layuka suka bi da shi. Daga nan sai launi. Ja yakan ƙara ƙarfi idan yana kusa da kore, haka shuɗi kusa da ruwan lemo, kuma da gangan mai zane yake jera su. Sai haske: daga wane ɓangare ya shigo, ina inuwa ta kwanta? Akwai kuma dabarar nuna nisa, inda abin da ke baya yake ƙanƙancewa, wadda masanin zane da gini Alberti ya rubuta ƙa'idojinta a Italiya a 1435.

Sawun buroshi sai an matsa kusa ake ganinsa. Fentin mai yana jinkirin bushewa, shi ya sa ake iya cakuɗa shi a kan ƙyalle har iyakar launuka ta ɓace, ko a lafta shi da kauri kamar yadda mai zane ɗan ƙasar Holan, Van Gogh, ya yi. Fentin ruwa kuwa ba ya yafe kuskure. Idan a waya aka kalli zane, wayar tana ɓoye duk wannan, tana ma ɓoye girma: shahararren zanen nan na Mona Lisa da ke Faransa tsawonsa santimita 77 ne, faɗinsa 53.

A Sakkwato

Basakkwace ba baƙo ba ne ga wannan ilimi, ko da bai taɓa shiga ɗakin baje zane ba. Duk wanda ya riƙa allon zayyana ranar saukar karatu ya ga yadda baƙar tawada take tsare ja da rawaya cikin gidaje huɗu-huɗu, kowane gefe na amsa ɗan'uwansa. Mai sayen jaka wurin dukawa yakan juya jar fatar, ya bi ɗinkin da yatsa, ya ce wannan hannu ya faɗa, wancan aikin gaggawa ne. Hukuncin da ake yi wa zanen fenti ke nan, kayan aikin ne suka bambanta. Tsoffin rubuce-rubucen da ke Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da zanen bayan manyan motoci duk wuraren horar da ido ne, kuma na biyun an raina su fiye da kima.

Malamai da dama na ƙyamar zana abu mai rai, wanda hakan na cikin dalilan da suka sa adon wannan yanki ya karkata ga siffofi irin su dagi da aska takwas. Wannan ya sa zanen zamani marar surar mutum ko dabba, wanda ke rikita wasu, bai cika yi wa idon da ya saba da zayyana nauyi ba.

Masu zanen Nijeriya sun daɗe da lura da hakan. A 1958 ɗalibai a Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar da ta nemi haɗa dabarun Turai da adon gida. Grillo ya shahara da yawan amfani da shuɗi, Okeke kuma ya ɗauko layukansa daga uli, zanen jiki da bango na matan Ibo.