Wai me ake nufi da "alheri" in mutum yana kwance bai warke ba?

Kwanakin nan duk inda ka juya sai ka ji alheri. A talbijin mai wa'azi yana ɗaga murya wai wannan watan na alheri ne, a Facebook wani ya ɗora hoton sabuwar mota ya rubuta alheri ne kawai, wata an sallame ta daga asibiti ta tashi a majami'a ta ba da shaida cewa alheri ya same ta. Shaidar kam ba ta dame ni ba, wanda Ubangiji ya warkar dole ya buɗe baki ya gode. Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda kalmar ta koma tana nufin "abu ya yi daidai" kawai, har ta kai ɗan'uwan da ya yi shekaru yana zuwa wankin ƙoda, ko uwar da ɗanta ke fama da sikila, in suna zaune suna sauraro sai su ɗauka su an tsallake su a rabon.

Ina ganin ruɗanin daga bakinmu ya faro. Alheri daga Larabci muka aro shi, al-khair, wato abu mai kyau, kuma a maganar yau da kullum in wani ya ce wane ya yi min alheri ai kowa ya san abu ne ya shiga hannu. Ga karin maganar da muka tashi da ita, alheri danƙo ne ba ya faɗuwa ƙasa banza, alheri gadon barci. Duk gaskiya ne a tsakanin mutane, amma ku lura da abin da suke koya wa kunne: ka yi, zai dawo maka. To da wannan kunnen muke buɗe Littafi Mai Tsarki, alhali kalmar da aka fassara alheri a Sabon Alkawari, karis a Helenanci, wadda ta fito sama da sau 150 kuma mafi yawa a wasiƙun Bulus, tana nufin abin da aka ba wanda bai yi komai ba, bai cancanta ba, ba kuma zai iya biya ba. Romawa 11:6 ta faɗa ƙarara cewa in ta wurin ayyuka ne to alherin ya daina zama alheri. Shi ya sa duk lokacin da na ji an ce wa marar lafiya ya shuka iri na kuɗi don alherin warkarwa ya sauko sai jikina ya yi sanyi, don an taɓa gwada wannan cinikin a Ayyukan Manzanni sura 8, Saminu mai sihiri ya miƙa kuɗi yana son baiwar Allah, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi.

Amma inda nake so mu daɗe shi ne 2 Korintiyawa sura 12, don a nan ne ayar da kowa ke rubutawa a waya take, alherina ya isa. Mutane da yawa ba su san a wane hali aka faɗi wannan maganar ba. Bulus ne, mutumin da a Afisa ake ɗaukar ƙyallayen da suka taɓa jikinsa a kai wa marasa lafiya su warke, yana nan a Ayyukan Manzanni 19:12. Mutumin da a wannan surar dai ya ba da labarin an ɗauke shi har sama ta uku. Shi ne ya ce an sa masa wata ƙaya a jiki tana azabtar da shi, bai faɗi sunanta ba, wasu masana suna ganin ciwon ido ne saboda ya gaya wa Galatiyawa cewa rashin lafiya ne ya sa ya fara yi musu wa'azi kuma da zai yiwu da sun ƙwaƙule idanunsu sun ba shi. Ko ma mece ce, sau uku ya roƙi Ubangiji a cire. Ba a cire ba. Amsar da ya samu ita ce alherina ya isa, ikona a cikin rashin ƙarfi yake cika. 'Yan'uwa, wannan fa amsar a'a ce. Ayar da ake ɗorawa a ƙarƙashin hoton mota, asalinta an faɗa wa mutumin da aka ƙi amsa roƙonsa yadda yake so ne, ya tashi da ƙayarsa ya ci gaba da tafiya, kuma a bakin Yesu wannan halin da yake ciki shi ne wurin da alherin yake aiki. In muka ce alheri shi ne warkewa kawai to mun ce Bulus bai samu ba kenan, wa zai iya faɗin haka?

Kuma ba shi kaɗai ba ne a cikin tawagarsa. Ya bar Tarofimas a Militas ba lafiya. Abafaroditas ya kusa mutuwa a kan aikin bishara. Timoti yana yawan laulayi da ciwon ciki. Babu inda aka ce wa ɗayansu ya binciki kansa akwai zunubin da ya ɓoye.

Wannan binciken zunubin shi ne ɗan'uwan ruɗanin, tare suke tafiya. In lafiya ce shaidar alheri, dole ciwo ya zama shaidar laifi, sai ka ga an zo gaisuwar marar lafiya an ɓuge da yi masa tambayoyi kamar a kotu, ka yafe wa kowa kuwa, kana ba da zakka kuwa, ba wani abu a gidanku. Abokan Ayuba, Elifaz da Bildad da Zofar, kwana bakwai suka zauna da shi a ƙasa ba su ce uffan ba, kuma a ganina wannan ne aiki mafi kyau da suka yi a littafin gaba ɗaya, don da suka buɗe baki irin wannan lissafin suka kawo, a ƙarshe Allah ya ce ya yi fushi da su ba su faɗi gaskiya a kansa ba. Almajiran Yesu ma sun yi tambayar a Yahaya sura 9 a kan wanda aka haifa makaho, shi ya yi zunubi ko iyayensa, Yesu ya ce ba ko ɗaya. Na san za a ce ai Ayuba an ninka masa dukiya daga baya. Haka ne, amma 'ya'yansa goma da suka mutu ba su dawo ba, wasu aka haifa masa, duk iyayen da suka binne ɗa sun san bambancin.

To a cikin ciwon ina alherin yake? Ni ba na cikin masu cewa ciwo kansa albarka ne, ciwo ciwo ne, Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru, a Gatsemani kuma ya roƙi a ɗauke masa ƙoƙon wahala. Alherin shi ne Allah bai ja da baya ba sa'ad da jiki ya gaza, kuma karɓar da ya yi maka ba ta rataya a kan ƙarfinka ko yawan azuminka ba. Ana ganinsa a mutumin da ya kasa yin addu'a sai nishi, Romawa 8:26 ta ce Ruhu yana yin roƙon a madadinsa. Ana ganinsa a wanda ke kwana a gefen gado yana juya marar lafiya ba ya ƙyama. Akwai wata mai bi a Amurka, Joni Eareckson Tada, a 1967 tana da shekara 17 ta yi tsalle cikin ruwa ta karya wuya, hannu da ƙafa suka shanye. Ta je tarurrukan addu'ar warkarwa, ba ta tashi daga keken ba. A 1979 ta kafa hidimar da ke kai wa naƙasassu kekuna da bishara a ƙasashe da dama. Duk wanda ma'anarsa ta alheri ba ta da wurin da za ta ajiye wannan matar, gara ya sake duba ma'anar.

Kar wani ya ce na hana roƙon warkarwa, a'a, Yakubu 5:14 ta ce a kira dattawan ikilisiya su yi addu'a su shafa mai, kuma Allah yana warkarwa har gobe. Abin da nake roƙo shi ne masu riƙe da makirfo su daina gaya wa mutane cewa shan magani ƙarancin bangaskiya ne, don akwai masu hawan jini da masu ciwon suga da suke ajiye maganinsu saboda an ce musu alheri ya riga ya gama aikin, wasu sai an kwashe su ranga-ranga. Bulus ɗin da ake ta karanto ayarsa da likita yake yawo, Luka, har ya kira shi ƙaunataccen likita a Kolosiyawa 4:14, kuma da Timoti ke fama da cikinsa a 1 Timoti 5:23 shawarar abin da zai sha don cikin ya lafa ya ba shi.