Tsirran da ake sha don ciwon mara na lokacin al'ada

Ciwon mara na lokacin al'ada murɗa ce da ke kama ƙasan cibiyar mace gab da zuwan haila ko a kwanaki biyu zuwa uku na farko, wani lokaci ta sauka har ƙugu da cinyoyi. Tushensa wasu sinadarai ne da ake kira furostagilandin, waɗanda bangon cikin mahaifa ke fitarwa idan zai zube. Su ke sa mahaifa ta matse. Idan suka yi yawa sai matsewar ta tsananta, jinin da ke ratsa naman mahaifar ya ragu, zafi ya taso. Mafi yawan tsirran da matan Hausawa ke dafawa don wannan lalura kayan yaji ne na ɗakin girki.

Citta ce kan gaba, kuma ita aka fi bincika. A Najeriya an fi noma ta a kudancin Kaduna, a yankunan Kachia da Jaba da Kagarko. Yajin ɗanyar citta daga sinadarin jinjarol yake, idan kuwa aka busar da ita ko aka dafa, wani ɓangarensa kan rikiɗe ya zama shogawol, wanda ya fi shi zafi a baki. Shi ya sa busasshiya ta fi ɗanya yaji. Jinjarol da shogawol duka suna rage aikin sinadaran da jiki ke ƙera furostagilandin da su, wato hanyar da ibufurofen, maganin rage zafi na asibiti, ke bi. A 2009 an buga wani bincike daga Iran kan ɗalibai mata 150: wasu sun sha garin citta miligiram 250 sau huɗu a rana tsawon kwana uku daga farkon al'ada, wasu ibufurofen, wasu mefenamik asid (shi ma maganin rage zafi ne), kuma ba a ga wani bambanci a sauƙin da suka samu ba. Sai dai bitar da cibiyar Cochrane, mai tattara binciken lafiya tana tantance shi, ta yi a 2016 ta ce hujjojin citta da makamantanta ba su da ƙwari, domin gwaje-gwajen ƙanana ne.

Kanumfari, wanda asalinsa tsibiran Maluku ne na Indunisiya, mafi yawan man da ke cikinsa wani sinadari ne mai suna yujinol. Shi ke kashe zafin haƙori idan aka danna ƙwayar kanumfari a wurin, kuma yana hana kumburi. Tafasa 'yan ƙwayoyi a shayi daban, shan tataccen mansa daban: man na iya lalata hanta.

Kimba kuwa an fi saninta a yajin mai jego, tare da masoro da citta. A cikinta akwai sinadarin zailofik asid, wanda masana a jami'ar Kwame Nkrumah da ke Kumasi a Ghana suka nuna yana rage zafi a jikin ɓeraye. Ɓera dai ba mace ba ce, don haka wannan bai tabbatar da aikinsa a jikin mutum ba.

Hulba ta karɓu sosai a Sudan da Masar, inda ake shan ta kamar shayi, kuma masu magungunan Musulunci sun yaɗa ta sosai a ƙasar Hausa. Tana ɗauke da sinadaran diyosjenin da tirigonelin, da wani sinadari mai suna sotolon, wanda shi ne ke fitowa a gumin mai yawan shan ta. Kirfa tana da sinadarin sinamaldehaid, amma nau'in da ya fi yawa a kasuwa yana da wani sinadari mai suna kumarin, wanda yawansa ke taɓa hanta.

Mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin ba ta yawaita citta da kanumfari sai da shawarar likita, haka mai tsammanin ciki ba ta shan hulba da yawa. Akwai kuma ciwon marar da ba na furostagilandin kaɗai ba: wanda ya fara bayan shekaru ana al'ada lafiya, ko yake ƙaruwa wata bayan wata, ko ya zo da zazzaɓi ko zubar jini mai yawa. Irin wannan kan fito daga ƙari a mahaifa, ko ƙwayoyin cuta, ko tsirowar naman bangon mahaifa a wajenta, kuma sai an yi hoto da gwaji a asibiti ake gane shi.